Bas ɗin ya yi sauƙi, amma mai keken guragu ba shi da hanyar shiga

Manyan bas-bas ɗin nan na haya da ke bin layin Kabuga zuwa cikin garin Kano sun rage mana raɗaɗi, ba zan ɓoye ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san inda kuɗin adaidaita ya kai, ga shi a bas kujerarka taka ce, ba mai zama maka a cinya. Da iyakar abin ke nan, da na ce kowa ya garzaya.

Ƙofar shiga ce ta ɓata min rai. Matakala uku ce, ta farkon ta yi tsayi ƙwarai, kuma motar a bakin kwalta take tsayawa, sau da yawa daf da buɗaɗɗiyar kwata. Wani dattijo ya iso da keken guragu zai hau. Yaron mota ya dubi keken, ya dubi ƙofa, ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, wallahi ba inda za mu sa keken nan." Fasinjoji suka sauko suka ciccibi dattijon suka kai shi kujera, amma keken ya ƙi shiga, saboda ƙarfen riƙewa da aka kafa a tsakiyar ƙofa ya raba faɗinta biyu. Direba na ta danna hon. Haka aka sake ɗauko bawan Allah aka mayar da shi kan kekensa a rana.

Na ji wani na cewa ai katako kawai za a riƙa jinginawa. Ba zai yiwu ba. Ƙa'idar gangaren keke ita ce duk tashin santimita 1 a ba shi tsawon santimita 12. Motar da daɓenta ya kai santimita 90 daga ƙasa tana buƙatar gangaren kusan mita 11, wa zai ɗauki wannan a mota? Tun wajen saye ake gyara abin: a zaɓi bas mai ƙasan daɓe, wajen santimita 35, sannan a gina dakali a kowace tasha yadda tazarar za ta ragu. Kuma gurbin keke da ake bari a irin waɗannan motoci an auna shi ne da kujera mai taya irin ta asibiti. Namu keken mai ƙafa uku ne, ana tuƙa shi da hannu, ya fi ta tsawo, ba zai iya juyawa a ciki ba. Wanda ya zauna da masu ƙera shi a Kano awa guda zai san wannan.

Doka ma tana nan. Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman a Janairun 2019, aka ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-gine da motocin haya, wa'adin ya cika a 2024.

Ba su kaɗai abin ya shafa ba. Mai goyo riƙe da wani yaron sai an miƙa mata hannu. Makaho kuwa ba ya sanin inda aka iso, don ba a faɗin sunan tasha sai wani ya ƙwala "akwai sauka". Wannan ko sisi ba ya ci, yaron mota ya buɗe baki kawai.

In ƙafarka lafiya kuma ba ka da kaya, ka hau, za ka rage kuɗi. Tsohuwa mai ciwon gwiwa dai ban ba da shawarar a kawo ta ba, gara a ɗaukar mata shatar adaidaita.