Kuɗin wata ko biya gwargwadon amfani: wanne ya fi wa mai rubuta manhaja sauƙi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace mai rubuta manhaja a ƙasar da samu bai taka kara ya karya ba ya riƙa biyan dala 20 duk wata wa ChatGPT Plus ko Claude Pro, manhajojin ƙirƙirarriyar basira (AI) masu taya shi aiki, ko kuwa ya buɗe asusun API, wato hanyar haɗa manhajarsa kai tsaye da samfurin AI na kamfanin, ya biya iya abin da ya yi amfani da shi.

Dala 20 a wata, dala 240 ke nan a shekara. A ma'aunin Bankin Duniya, ƙasa mai ƙaramin ƙarfi ita ce wadda kason mutum ɗaya daga kuɗin shigar ƙasa a shekara bai kai dala 1,200 ba. Ka ga rajistar ta cinye kashi ɗaya cikin biyar, alhali ƙwararre a Amurka yana samun dala 20 ɗin nan kafin ya cika awa ɗaya a bakin aiki. Wannan rashin daidaito yana damuna ƙwarai.

Amfanin kuɗin wata shi ne ka san iyakar abin da zai fita daga aljihunka. Amma ko ka taɓa shi ko ba ka taɓa ba, wata na ƙarewa za a cire. Kuma akwai ƙa'idar yawan saƙonni. Kana tsakiyar gyaran kuskure sai a ce ka dakata wasu sa'o'i.

API kuwa kamar sayen kati ne. Ka zuba dala 5, ka saka mabuɗin sirrin da aka ba ka a cikin manhajar rubuta lamba ta VS Code, ana cirewa gwargwadon rubutun da ka aika da wanda aka mayar maka. Makon da babu aiki, ko sisi ba ya fita. Inda ake ƙonewa shi ne a nan: kayan aikin AI da ke rubuta lambar manhaja da kansu suna sake aika fayilolinka da duk hirar baya a kowane mataki, sai kuɗin wata ya narke a yini guda. Kashe sabunta kuɗi na kai tsaye, ka ware ayyuka masu sauƙi wa ƙananan samfura masu arha.

A ganina, wanda ke da kwangila a hannu, yana rubutu kullum, ya biya na wata ya sanya shi cikin kuɗin aikin da mai kwangila zai biya. Ɗalibi ko mai aiki jefi-jefi, API ya fi masa. Kafin ma nan, GitHub Copilot, mai taya rubuta lamba, yana da matakin kyauta tun Disambar 2024, kuma in kwamfutarka na da RAM mai gigabait 16, ƙaramin samfurin AI irin Qwen ko Llama zai yi aiki a kanta ta manhajar Ollama ba tare da intanet ba, sai dai bai kai manyan kaifi ba.

Kamfanonin za su iya sassautawa in sun so. A Agustan 2025 OpenAI, kamfanin ChatGPT, ya fitar da tsari mai rahusa na ChatGPT Go a Indiya kan rufi 399 a wata, ƙasa da dala 5. Duba ko irinsa ya iso ƙasarku kafin ka biya dala 20.