Na'ana'a ko ɗoɗɗoya: wacce za ki fara shukawa a tukunya?

'Yar'uwa, kin ce tsakar gidanku duk siminti ne, ɗan wuri kawai ya rage bakin kicin, kina tambaya wacce ta fi sauƙin rayuwa a tukunya tsakanin na'ana'a da ɗoɗɗoya. Kafin ki sayi komai, duba yadda rana ke faɗawa a wurin nan, don a nan suka raba hanya.

Ɗoɗɗoya 'yar rana ce. Tana son awa 6 ko fiye, kuma zafin Maris da Afrilu bai cika karya ta ba muddin tana shan ruwa. Na'ana'a kuwa hantsi take so. Idan ranar azahar ta bazara ta doke ta, ganyen ya yi laushi, gefensa ya ƙone. Ita da sanyin hunturu take murmurewa, lokacin da ɗoɗɗoya ke ja da baya.

Wajen ruwa, na'ana'a ba ta yafe mantuwa. Da bazara kullum ne, wani lokaci safe da yamma. Ɗoɗɗoya tana da haƙuri: tura yatsa cikin ƙasar, in kin ji saman ya bushe sannan ki zuba.

Mazubinsu ma ba ɗaya ba ne. Na'ana'a yaɗo take yi ta ƙarƙashin ƙasa, saboda haka tsohon baho mai faɗi ya fi mata, ko da ba shi da zurfi. Bayan shekara saiwarta kan cika shi dam, sai ki tono, ki raba, ki sake ƙasa. Ɗoɗɗoya mai manyan ganye tana iya wuce mita 1 a tsawo, bokitin fenti na lita 20 ne daidai da ita. Duka biyun ki huda gindin mazubin, ki gauraya ƙasa da yashi da takin dabbobi wanda ya ruɓe sosai, ɗanye yana ƙona saiwa. Don Allah kada ki haɗa su wuri guda, na'ana'a za ta mamaye mazubin.

Ba sai kin nemi iri ba. Zaɓi lafiyayyen reshe daga ƙullin da kika sayo a kasuwa, cire ganyen ƙasa, saka a kofin ruwa, cikin mako ɗaya zuwa biyu za ki ga fararen saiwoyi, sai ki dasa a mazubi. In sun kama, riƙa tsinke kan reshe, shi ke sa su yi rassa. Da ɗoɗɗoya ta fara fure ki cire shi, in ba haka ba ganye zai ragu.

Ni dai tunda kina fita aiki, ɗoɗɗoya nake ba ki shawara ki fara da ita, ga farfesun kifi yana jira. In kuma wurin naki inuwa ce bayan azahar, kuma gidanku masu shayi ne, to na'ana'a ce taki. Ki ɗora mazubin kan bulo ko tebur, don kaji ba sa barin ɗanyar ƙasa.