Grateful Dead ko Phish, wa za ka fara saurara?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske Phish ne magadan Grateful Dead, kuma wanne ya kamata ka fara sa wa kunne. Dukansu ƙungiyoyin makaɗa ne na Amurka. Abin da ya haɗa su shi ne ba sa maimaita wasan jiya. Waƙar minti 5 a faifai sai ta kai minti 20 a kan dandamali, makaɗan suna ƙirƙira nan take, kowa na bin sawun ɗan'uwansa. Daga nan hanya ta rabu.

Grateful Dead sun kafu a Kalifoniya a 1965, suka yi wasa sama da 2,300 kafin rasuwar jagoransu mai jita, Jerry Garcia, a watan Agustan 1995. Ni ban riske su ba, ta sautin da masoyansu suka naɗa na san su, domin sun ƙyale mutane su shigo da na'urar ɗaukar sauti, har suka ware musu wuri tun 1984. Kiɗansu kamar hirar tsofaffin aminai yake, ba gaggawa. Jitar Garcia tana tafe a hankali, masu ganga biyu, Mickey Hart da Bill Kreutzmann, suna riƙe da ita. Wani dare su yi ta lalube ba su dace ba, wannan gaskiya ne. Amma idan suka dace, ga baitocin marubucin waƙoƙinsu Robert Hunter a kai, sai ka ji zuciyarka ta yi sanyi.

Phish kuwa su huɗu ne, daga Balinton ta jihar Bamont, tun 1983. Su na gani da idona, kuma har yau abin bai bar ni ba. Ana cikin zagaye na biyu Trey Anastasio ya kama wata 'yar gajeriyar jimlar kiɗa a jita, ya yi ta juya ta, yana ɗaga ta sama kaɗan-kaɗan. Page McConnell ya ɗago kai daga kan fiyano ya dube shi, ya bi shi. Fitilun Chris Kuroda, mai kula da hasken dandamalinsu, suka ƙanƙance, ɗakin ya kusa yin duhu, mu duka muka riƙe numfashi. Da suka sake ta gaba ɗaya, haske ya fashe, tsikar jikina ta tashi. Wani mai furfura kusa da ni, wanda tun farko yake rubuta sunayen waƙoƙin a 'yar takarda, ya saki biro ya ɗaga hannu biyu. Wannan ja da sakin shi ne sana'arsu, kuma sun fi Dead tsari da iya lissafin kiɗa. A 2017 sun yi dare 13 a babban zauren Madison Square Garden na birnin New York ba su maimaita waƙa ko ɗaya ba, a daren shiga 2000 kuma a Fulorida suka kaɗa daga tsakar dare har rana ta fito.

Ni dai ban kira su magada ba, 'yan'uwa ne masu hali daban. Idan kalmomi da taushin murya ke jan ka, fara da Dead, wasansu na 8 ga Mayun 1977 a Jami'ar Cornell. Ka saurare shi daga farko har ƙarshe, kada ka tsallake ko ɗaya. Phish kuma ka ajiye su sai ka samu hoton bidiyo, domin rabin abin yana cikin fitilun.