Leica M mai zuwa: hasashena, da abin da ƙurar Katsina za ta yi mata

To 'yan uwa masu hoto, tunda aka fara surutun sabuwar kyamarar Leica M wadda mutane suka riga suka laƙaba ma suna M12 kowa sai faɗin nashi yake, wani ya ce a ƙara megafiksel wani ya ce a cire wancan a sa wannan, ni ma bari in tofa albarkacin bakina. Hoton biki da na hawan sallah nake ɗauka a nan Katsina, kuma M11 ɗin da na riƙe ba tawa ba ce, ta wani yayana ce da ke zaune Jamus, ya zo hutu ya bar mani ita na ɗan ɗana. A kanta zan ɗora hasashen.

Ga wanda bai taɓa riƙe irinta ba, ita ba ta cikin lensi kake kallo ba, wata 'yar taga ce a gefe, a tsakiyarta akwai ɗan fili mai haske inda za ka ga abu ya rabu biyu, sai ka yi ta juya lensi da hannu har biyun su haɗu su zama ɗaya, to nan ne hoto ya saitu. Babu otofokas ko kaɗan, wato ba ta saita hoto da kanta. Fararen layuka ne ke nuna maka iyakar hoton, suna fitowa biyu-biyu, 28 da 90, 35 da 135, 50 da 75, gwargwadon lensin da ka ɗaura. Daɗinta shi ne kana ganin abin da ke wajen layin ma. Na tsaya bakin Ƙofar Soro da yamma da lensi 35, wani dattijo ya taho bisa keke da babbar riga yana ta fama da ita kar ta shiga ƙafar keken, tun bai shigo cikin layin ba ina ganinshi, na jira har ya zo daidai inuwar ginin sannan na danna. Wallahi wannan jiran shi ne duk abin da ake biyan kuɗin nan saboda shi. Amma doki a guje lokacin jahi? Kamar zura zare a allura ne kana tafiya, sai dai ka saita nisa tun da wuri ka matse idon lensi zuwa f/8 ka yi tawakkali.

Hasashena na farko, tagar nan ba za ta tafi ba. Dalili kuwa a Oktoban 2025 sun fitar da M EV1, wadda suka cire mata ma'aunin nisan, wato abin nan mai haɗa biyu su zama ɗaya, gaba ɗaya suka sa ƙaramin sikirin a cikin tagar, kenan wanda idonshi ya gaji ko yake son ya ga hoto kamar yadda zai fita an riga an ware mashi tashi daban. To mi zai sa su taɓa ta asalin? Tun M3 ta 1954 da wannan tagar aka san su. Masu cewa za a haɗa ma'aunin nisan da sikirin wuri ɗaya irin yadda Fujifilm ta yi a X-Pro ni ban yarda ba, saman kyamarar cike yake da madubai da ƙananan ƙarafa, ina wurin yake.

Maganar megafiksel kuma don Allah a bar ta haka nan. M9 ta 2009 guda 18 gare ta, M11 da ta fito Janairun 2022 ta kai 60, har sun ba ka zaɓi ka sauko 36 ko 18. Sittin ɗin nan ta riga ta fi ƙarfin idon mutum, in ka buɗe lensi f/1.4 ka kuskure da ɗan kaɗan, a bayan kyamara za ka ga kamar lafiya lau, sai ka je kwamfuta ka tarar kunnen amarya ne ya fito tas ido kuwa ya yi dishi-dishi. Abin da take buƙata shi ne na'urar hana rawar hannu a jikin sensa, wato ɗan farantin da ke kama hoton, wadda M11 ba ta da ita. Matsalar, tun M10 a 2017 suka rage mata kauri ta koma kamar ta zamanin fim, kuma masoyanta ba za su yafe ba in ta sake yin ƙiba. Fujifilm ta cusa wannan na'urar a X100VI a 2024 amma sensarta ƙarama ce, ba ɗaya ba ne. Wasu na cewa a cire shota ta ƙarfe, wato labulen da ke buɗewa ya rufe in ka danna, a samu wuri a bar ta lantarki kaɗai, to in dai da irin sensar yanzu ce mai jinkirin karanta hoto, mashi a hannun mahayin doki a guje zai fito a lanƙwashe, sai fa in sun kawo sensa mai sauri. Ni nan na fi zuba ido.

Sai ƙura, wadda masu rubutu daga Turai ba ruwansu da ita. Da hunturu ka tsaya a Daura ranar hawan Magajiya ko lokacin sallar Gani ka ce za ka canza lensi, ai kafin ka rufe ta shiga, kuma sensar M ba ta girgiza kanta ta kakkaɓe kamar yadda na Sony da Canon da Nikon ke yi, sai ka goge da hannu. In sun sa hana rawar hannu wataƙila wannan ma ya zo tare. Tarihi ma ya nuna ba kullum suke tuna irin kayanmu ba, M8 ta 2006 baƙin yadi na roba takan mayar da shi ruwan shunayya sai an ɗaura mata wani gilashi a gaba, ka ƙiyasta wajen kamu cike da mata masu baƙar abaya.

Abin da na yaba kuma nake fatan su bari: cajin USB-C, don in an ɗauke wuta sai ka jona fawabank shikenan, da memori na ciki, 64GB a M11, 256GB a M11-P. Ita M11-P ɗin ta 2023 har sa hannun sirri take yi a jikin hoto da ke nuna daga kyamara ya fito da abin da aka taɓa a ciki, a zamanin nan da ake yawo da hotunan ƙarya a WhatsApp ina ganin wannan zai shigo sabuwar kai tsaye.

Yanzu maganar gaskiya ta aljihu. M11 dala 8,995 aka sa mata ranar da ta fito, jiki kaɗai ba lensi, a kuɗinmu ya haura miliyan goma nesa ba kusa ba, kuma ban ga alamar mai zuwa za ta sauko ba. Ba ta bidiyo, tun M10 suka cire, alhali duk uwar amarya tambayarta ta farko kenan. Sannan ma'aunin nisan nan ƙarfe ne da madubi, in ya sha gargada a bayan babur ko ya bugu da wani abu yakan goce, sai ka ga biyun sun haɗu a taga amma hoton bai saitu ba, gyaran kuma na ƙwararre ne, ba na mai gyaran waya ba, galibi sai an aika ta waje, kamfanin ma a Wetzlar yake can Jamus, ka yi ta jira sana'a a tsaye. Akwai kyamarar Pixii ta Faransa mai amfani da lensin M ɗin kuma ta fi sauƙi, amma ita ma gyaranta can ne. Yaron da ke koyon aiki a wurina ya ce mani Oga in na tara zan saya, na ce mashi ya fara da Fujifilm ta hannu ya koyi saita nisa da hannu tukuna, in ya iya kama doki a Ƙofar Soro da ita sai mu yi maganar M12.