Horon tsaro kafin tafiya aiki ƙasashen Sahel: abin da wani kamfani a Kaduna yake koyarwa da abin da ya bari

A 'yan shekarun nan masu sana'a da dama daga Kaduna suna samun aikin kwangila a Nijar da Mali da Burkina Faso, wasu ma har Somaliya, daga injiniyoyin turakun sadarwa da masu haɗa wutar sola zuwa direbobin tanka da ma'aikatan jinya na ƙungiyoyin agaji. Wasu daga cikin masu ɗaukar aikin sukan nemi takardar shaidar cewa mutum ya yi horon tsaro kafin su ba shi tikiti, kuma wani kamfani mai zaman kansa a Unguwar Rimi yana bayar da irin wannan horo na 'yan kwanaki. Na halarta saboda aikin sola da zan je yi a Mali. Hukuncina shi ne horon ya cancanci kuɗinsa, amma riga ce da aka ɗinka da awon Bature, don haka ɗan Najeriya zai sa ta, sai dai akwai wuraren da ba za ta rufe masa ba.

Abin da ya fi amfani shi ne yadda babban mai koyarwar, wani tsohon hafsan soja, ya rushe tunanin "ai mun saba" wanda kusan kowa ya shiga ajin da shi. Mutumin Kaduna yana da hujjar wannan tunani, domin ya ga harin jirgin ƙasa na ranar 28 ga Maris, 2022, ya ga yadda sauran waɗanda aka sace suka kai watan Oktoba kafin a sako su, kuma ya san lokutan da ba a bin hanyar Birnin Gwari. Sai dai malamin ya nuna mana cewa wannan sanin na gida ne. A nan mutum yana jin harshen da ake yi, yana gane baƙuwar fuska a unguwarsa, kuma idan abu ya faru akwai dangin da za su tashi tsaye. A Mopti ta Mali ko Kaya ta Burkina Faso kuwa, inda ake Bambara ko More ko Fulatanci, baƙo makaho ne ko da yana da ido, kuma shi ne na ƙarshe da zai ji labarin cewa an rufe hanya.

Ya gina darasin a kan hare-haren da suka faru, ba a kan tsoratarwa ba. Ya bi da mu ta harin otal ɗin Radisson Blu na Bamako a Nuwamban 2015, inda kimanin mutum 20 suka mutu, da na otal ɗin Splendid da gidan shan shayin Cappuccino a Wagadugu a Janairun 2016, wanda ya ci rayuka 30, da na masana'antar iskar gas ta In Amenas a Aljeriya a Janairun 2013, inda aka kashe ma'aikata kusan 40, akasarinsu baƙi. Daga nan ya fitar da abin da ya haɗa su: maharan suna neman wurin da baƙi suke taruwa, suna kuma dogara da cewa ma'aikaci yana fita a lokaci guda ta hanya guda kowace safiya. Shawararsa ita ce mutum ya riƙa sauya lokaci da hanya, ya san ƙofar baya ta duk inda ya sauka, kuma idan an fara harbi ya gudu in da hali, in babu ya ɓuya ya kashe ƙarar wayarsa, sannan ya sanar. Ya kuma ambaci Kure, kusa da Yamai, inda aka kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu a Agustan 2020 a wurin kallon raƙuman dawa, domin ya nuna cewa ranar hutu ma tana cikin lissafi. Waɗannan 'yan Nijar biyu, direba da ɗan jagora, su ne suka fi kama da mu a cikin labarin, amma ba a tsaya a kansu ba.

Sashen taimakon gaggawa, wanda wata ma'aikaciyar jinya ta jagoranta, shi ma ya yi kyau ƙwarai. Kowa ya ɗaura wa ɗan'uwansa maɗaurin tsayar da jini a hannu da cinya, ya koyi rubuta lokacin da aka ɗaura, ya kuma koyi kwantar da wanda ya suma ta gefe. Kayan gwajin ba su wadata ba, sai an yi layi, amma ba ta bar kowa ya wuce ba tare da ya yi da hannunsa ba. An kuma koya mana haɗa jakar ko-ta-kwana mai ɗauke da fasfo, katin allurar shawara, magani, ruwa da 'yan kuɗin sefa, tare da barin wasu tambayoyi na sirri a wurin iyali, waɗanda mutum shi kaɗai ya san amsarsu, domin a tabbatar yana raye idan an yi garkuwa da shi.

Inda rigar ta gaza a fili take. Yawancin hotunan da aka haska da Turanci suke, kuma suna magana ne da ma'aikacin da yake da mota mai sulke, da jami'in tsaro na ofis, da jirgin da zai kwashe shi idan al'amura sun rikice. Direban tanka daga Rigasa ba shi da ko ɗaya, alhali shi ne yake kan hanya tun da ƙungiyar 'yan bindiga ta JNIM, mai alaƙa da Alƙa'ida, ta fara tare wa Bamako hanyoyin mai a Satumban 2025 tana ƙona tankoki. Da wani ya yi tambaya a kan wannan, amsar ba ta wuce cewa ya bi ayarin da sojoji suke rakiya ba, ko da yake irin waɗannan ayarin ma an sha kai musu hari.

Abin da ya fi damuna shi ne shirun da aka yi a kan haɗarin da ke fitowa daga ɗaya ɓangaren. Bature yana tsoron 'yan bindiga ne kawai, amma Bahaushe ko Bafulatani mai gemu da hula, wanda ba ya jin Faransanci, yana iya zama abin zargi a shingen sojoji ko na 'yan sa-kai. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce aƙalla mutum 500 sojojin Mali da mayaƙan waje suka kashe a garin Moura a Maris na 2022, a wani samame da aka fara ranar kasuwa. Horon da ake yi a Kaduna domin 'yan Arewa ya kamata ya koyar da yadda ake magana a shinge, da takardun da ake nunawa, da abin da bai kamata a samu a wayar mutum ba. Haka kuma ba a ce komai ba game da ficewar Mali da Nijar da Burkina Faso daga ECOWAS a Janairun 2025, ko janyewar dakarun MINUSMA, rundunar wanzar da zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Mali, a ƙarshen 2023, duk da cewa waɗannan sun shafi wanda zai iya kai wa baƙo ɗauki.

Batun kwangila da inshora an taƙaita shi a 'yan mintuna kafin sallar la'asar, alhali ya fi ƙarfin haka. Inshorar tafiya ta yau da kullum galibi tana cire yaƙi da ta'addanci daga abin da take biya, saboda haka wajibi ne ma'aikaci ya ga an rubuta wanda zai ɗauki nauyin jinyarsa, da kwashe shi, da diyyar iyalinsa, kafin ya sa hannu. An dai shawarce mu da mu yi rajista a ofishin jakadancin Najeriya da zarar mun isa, kuma mu tabbatar dillalin da ya samo aikin yana da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Duk wanda ya tuna yadda ɗalibanmu suka yi kwanaki a kan iyakar Masar lokacin da aka kwaso su daga Sudan a 2023 zai gane cewa rajistar kaɗai ba ta wadatar.

Ɗakin karatun yana da tsabta, akwai janareto, akwai wurin salla, kuma ana farawa a kan lokaci. Kuɗin ya haura mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga ƙaramin ma'aikaci, don haka ya kamata ya nemi kamfanin da ya ɗauke shi ya biya. Ma'aikacin ƙungiyar agaji ko injiniyan babban kamfani zai sami kusan duk abin da yake bukata a nan. Direba ko ɗan kasuwa da zai bi ta ƙasa kuwa, ya je domin darasin tsayar da jini da na sauya hanya, sannan ya nemi waɗanda suka dawo daga can a cikin 'yan watannin nan ya tambaye su halin da shingaye suke ciki kafin ya yanki tikiti.