Gargaɗi Kan Dillalan da ke Tallan Kai Mutane Dudhsagar da Damina

Ina jan hankalin 'yan uwanmu ɗalibai da masu rakiyar majinyata a Indiya game da wasu dillalai da ke tallata tafiya zuwa magangarar ruwa ta Dudhsagar a WhatsApp da Instagram, suna karɓar kafin alƙalami, alhali abin da suke alkawari a watannin damina ba zai yiwu ta halastacciyar hanya ba.

Wurin yana cikin gandun dajin Bhagwan Mahavir, a tsaunukan da ke iyakar jihohin Goa da Karnataka, inda kogin Mandovi yake faɗowa daga tsayin kimanin mita 310. Hanyar da hukuma ta amince da ita tana farawa ne daga ƙauyen Collem, a motocin jif masu rajista da ke ratsa ƙoramu, kuma ana dakatar da su idan damina ta kankama a watan Yuni, sai wajen Oktoba ake sake buɗewa. Lokacin damina ne kuma ruwan ya fi cika da ban sha'awa, shi ya sa hotunansa suke saurin jan mutum ya tura kuɗi.

Wasu daga cikin dillalan da zarar kuɗi ya shiga sai su kashe waya. Waɗanda suka fi haɗari a ganina su ne masu zuwa da gaske, su ce sun san wata ɓoyayyar hanya, wadda ba komai ba ce illa bin layin dogo a ƙafa, ta cikin ramukan dutse masu duhu da jiragen kaya ke wucewa. Sashe na 147 na dokar jiragen ƙasa ta 1989 ya haramta hakan, hukuncinsa kuma yana iya kaiwa ɗaurin wata shida ko biyan tara. A watan Yulin 2023 'yan sandan layin dogo sun tare ɗimbin matafiya a can, har aka ga bidiyon yadda aka sa wasu tsallen kwaɗo. Waɗancan 'yan ƙasa ne. Baƙon da ke zaune da bizar karatu ko ta jinya, nasa lamarin ya fi nauyi, dillalin kuwa ba zai tsaya masa ba.

Duk mai niyyar zuwa ya jira a buɗe hanyar jif, ya tabbatar da hakan daga ma'aikatar gandun daji ta Goa, ya karɓi rasit kan duk abin da ya biya, kada kuma ya tura wa wanda bai sani ba hoton fasfonsa.