Kurfotin Gyapa, ra'ayina bayan na daɗe ina girki da shi

'Yan uwa mata masu tambayata kan kurfotin Gyapa, wato murhun nan mai rage cin gawayi, da nake dafa waakye (shinkafa da wake irin na Gana) da shi a unguwar Aboabo ta Kumasi, gaskiya ku saya. Jikinsa ƙarfe ne amma cikin gasasshen yumɓu ne, shi ke riƙe zafi, kun san dai wake ba ya nuna da wuri, da can sai in yi ta ƙara gawayi ina fifita har hannu ya gaji, yanzu zubi ɗaya ƙari kaɗan wake ya yi luguf kuma da sauran garwashin da zan ɗumama miya. Akwai 'yar ƙofa a ƙasa, in kina son wuta ta ci sosai ki buɗe, tukunya na tafasa ki tura ta. Mata da yawa a buɗe suke barinta tun safe sannan su ce ba su ga bambanci ba.

Yana da nauyi kam. Kuma kar ki kuskura ki kashe wutar da ruwa, yumɓun zai tsage, ki juye garwashin waje tukuna. Ki duba sosai kafin ki biya don akwai na kwaikwayo a kasuwa.

Ƙanena ne ya fahimtar da ni dalilin da ya sa kuɗinsa da sauƙi. Ashe lissafa gawayin da ba mu ƙona ba ake yi, duk tan ɗaya na hayaƙin kabon da aka rage sai a sayar wa kamfanonin ƙasashen waje, su kuma su ce sun biya diyyar hayaƙin da suke fitarwa, kuɗin ne ke tallafa wa maƙeran da masu gasa yumɓun a nan Gana. Irin cinikin ne ya sa Bankin Duniya ya biya Gana dala miliyan 4.8 a 2023 saboda an rage sare daji a yankunan noman koko, kuma tun 2020 muka sa hannu da Suwizalan kan wannan harka.

Ni ban ƙi ba, ai aljihuna ya shaida. Amma raina bai kwanta duka ba. Mu da muke zaune gaban wutar ya kamata a zauna a yi mana bayani da Hausa da Tuwi, mu san me ake sayarwa da sunan girkinmu da kuma nawa ke dawowa unguwa. Sannan har gobe manyan motoci na shigowa Kumasi daga wajen Kintampo maƙare da buhunan gawayi, a arewa har kaɗanya ake sarewa, itacen da iyayenmu mata ke samun man kaɗe da shi, ga 'yan galamse, masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, na cinye daji da ruwa. Wannan yana min ciwo sosai, kurfotina kaɗai ba zai tare shi ba.

In sana'a kike yi ki ɗauki babban, ƙaramin ba ya ɗaukar tukunyar waakye, na gida ne.